Rijiyar Man da Ta Koma Murhu

Kai malam, dakata da wannan huci! Don an sallame ka daga aiki sai ka ce ka ƙare? Gyara zama ka ji.

A wani gari, masu haƙar mai suka tatsi wata rijiya har ta ƙafe, suka toshe bakinta da ƙarfe, suka kwashe motocinsu ko sallama babu. Mutanen gari suka bi ta da tsinuwa, wasu na cewa a ɗura mata siminti kowa ya huta. To, akwai wata mata mai gumar shinkafa, da sana'ar take ci da gidanta. Itace ya ƙare a dajin, kuma shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ba ta jiƙuwa yadda ake so sai da ruwan zafi. Tukwanenta shida, huɗu ta riga ta kife su. Saura ƙiris ta kife sauran. Ran nan da sanyin safiya ta bi ta wurin rijiyar, sai ta ga awaki sun yi dafifi jikin ƙarfen, ana kora suna komowa. Ta kai bayan hannu kamar mai taɓa tukunya. Ɗumi! Ta ce, “Ashe murhu ne a ƙasa, mu muna ta zagi.”

Ta tasa ƙanenta mai haƙa burtsatse a gaba, ya nemo izini da masana aikin. Suka zura bututu biyu a rijiyar, ɗaya cikin ɗaya, don ruwan sanyi ya gangara ta na waje zuwa can inda duwatsu ke da zafi, ya hauro ta na ciki. Da aka kunna injin tura ruwa, ruwa ya fito da sanyinsa, ko jariri ba zai yi wa wanka ba. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya, ƙanen ya fara naɗe igiya. Matar ta daka masa tsawa: “Kai, wa ya taɓa ɗora tukunya ya sauke nan take? Rage gudun injin nan!” Ya rage. Ruwa ya riƙa bi a hankali, kafin la'asar yana fitowa da tururi. Ta tada tukwanenta shida, itacen da take ƙonawa a kwana uku yana kai mata mako. Masu cewa a ɗura siminti kuwa, matansu ne farkon layi da buhunansu.

Mai ya ƙare, zafi bai ƙare ba. Kai ma tashi ka duba abin da ya rage maka. Ba banza Hausawa suka ce ba, da tsohuwar zuma ake magani.