Hatimin Ramalan

Ramalan ya hura hatimin sau biyu kafin ya danna shi a kan takardar, don tawadar ta fara bushewa. Naira dubu biyu ya biya aka sassaƙa masa hatimin nan a Kano, kuma ya mayar da kuɗinsa tun a makon farko.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a bakin tashar Rano, da allo mai cewa wakilin inshora ne. Wakilcin gaskiya ne a da. Kamfanin ya sallame shi shekara biyu da suka wuce, sai dai ba wanda ya zo ya sauke allon, shi kuwa bai ga dalilin wahalar da kansa ba.

Mutumin da ke gabansa, Gajere, direba ne daga Kibiya, hularsa ta ci maiƙo. Ya ajiye wata farar mota a ƙofa, sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ba tasa ba ce, aiko shi aka yi. Banki ne ya saya, za a riƙa biya wata-wata da kuɗin haya tsakanin Rano da Kano, kuma gona aka jinginar.

"Inshorar farko an yi ta a can," in ji Gajere. "Ta cike giɓi ce ta rage, an ce lallai a wajenka za a yi."

Ramalan ya yi masa bayani kamar mai koya wa akuya karatu. Mota tana fita daga shago darajarta take faɗuwa. In ta lalace, inshorar farko kuɗin tsohuwar mota za ta biya, banki kuwa na sabuwa yake bi. Abin da ya rage a tsakani, wannan takardar ce za ta ɗauke shi, gona ta tsira. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban da takardar.

Gajere ya miƙo ƙullin kuɗi a tsumman atamfa, suna warin daddawa. Ramalan ya ƙirga da ɗan yatsa ɗaya yana yatsina. Ya kwafe sunan mai motar daga wata 'yar takarda, Khadijatu Bello, irin sunan da za ka samu ashirin a unguwa guda. Wata bazawara ce mai neman suna, ya raya a ransa. Mutanen ƙauye ba su taɓa ba shi tausayi ba. In dai sun ga hatimi, ko a ganyen ayaba ne, sai su ninke su sa a ƙasan akwati.

Shi ma ɗan ƙauyen ne, amma ya daɗe da yafe wa kansa wannan. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana Rurum Tsohon Gari tana sana'ar daddawa da noman fadamar da mahaifinsa ya bari. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, ko tuwo sai ta ba wani ya miƙa masa. Sau biyu a shekara yake leƙa ta, kuma duk zuwa sai ya yi ƙorafin cewa sa'o'insa duka suna da mota, shi yana fama da acaɓa. Ita dai sai ta ci gaba da aikinta.

Mako bakwai bayan haka, tirela ta bi ta kan farar motar a hanyar Bunkure, tana ajiye a gefen titi. Ba a rasa rai ba, amma abin da ya rage sai 'yan gwangwan.

Gajere ya zo ofis ran Litinin, Ramalan ya ce fayil yana Kano. Ya dawo ran Laraba, aka ce manaja ya yi tafiya. Ran Alhamis ya ce banki ya ba da wata guda kafin ya karɓe gonar, Ramalan ya ce masa kowa da ƙaddararsa. Haushin nacin mutumin ya fi damunsa a kan komai. Wa ya aike su sayen abin da ya fi ƙarfinsu?

Da ya ji Gajere ya fara tambayar adireshin kamfani a tasha, sai ya ga lokacin tashi ya yi. Ya sauke allon da hannunsa, ya jefa hatimin a masai, ya hau acaɓa zuwa Rurum. Lissafinsa mai sauƙi ne. Zai matsa wa Iya ta sayar da fadamar, tunda dai gadonsa ce, ya koma Kaduna ya buɗe sabon ofis.

A zaure ya tarar da takalman baƙo. A tsakar gida ya tarar da mai takalman, zaune a kan tabarma da hularsa mai maiƙo, yana share ƙwalla. Iya na gefe ta buɗe akwatinta.

"Ka daina kuka, Gajere," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Mota dai na so in an gama biya a miƙa wa wancan ya huta da acaɓa, Allah bai nufa ba. Amma gonar fadama ba inda za ta."

Ta warware tsumman atamfa ta fito da takardar, ta shafa hatimin da tafin hannu, can sama da shi ga Khadijatu Bello, sunan da Ramalan bai ji an kira ta da shi ba tun yana goye.

"Ai shi ya sa na ce a kai wajen ɗana."