Ɗan Sandan Katako

Birki ya tsinke masa a gangaren Ketu da rana tsaka, tirela maƙare da albasa. A hagu danfo ce cike da fasinja. A dama kuma ɗan sandan nan ne na katako da aka kafa don direbobi su rage gudu, wanda suka sha yi wa dariya a tasha.

Ya karya kan motar dama.

"Direba, mutum ne fa a gabanka," in ji Alhaji mai albasar.

"Katako ne, Alhaji. Shekara bakwai ina wuce shi, har fentinsa na sani."

Saura taku goma, sai katakon ya cire hula, ya share gumi.