Ladan Ɗan Koyo

Injiniya ya ture farantin abinci gefe, ya buɗe kwamfuta a kan teburin falo. "Ku zo ku sha dariya," in ji shi. "Jakin nan ya sake aiko da shirme."

Matarsa tana kwashe kwanuka. Baba, mahaifinsa, yana kujerarsa ta bakin taga, yana gyara zaren da ya ɗaure ƙafar tabaraunsa.

Aikin da ake magana a kai wata manhajar kwamfuta ce ta kyauta da ƙananan asibitoci ke buga takardar magani da ita. Ba ta da mai ita. Kowa a duniya yana iya leƙa cikinta, ya gyara abin da ya lalace, ya aiko. Amma gyara ba ya shiga sai mai tsaron ƙofa ya duba ya yarda, Injiniya kuwa shi aka ba ƙofar. Idan ya dawo daga ofis da yamma yake zama a kai.

Manhajar tana da wani aibi. Idan sunan magani ya yi tsawo, sai ya sauko ya danne layin da ke faɗin yadda za a sha. Wata ƙungiya ta sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gyara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, don haka gwanaye ba su waiwaya ba. Mutum ɗaya ne ya nace, wani mai sunan aro Ɗan Koyo, ba hoto, ba gari.

Abin da ke ba Injiniya haushi shi ne gaisuwa. A dandalin manhajar ba a gaisawa, aiki ake miƙawa a wuce. Shi kuwa Ɗan Koyo sai ya fara da "Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe," ya tambayi iyali, sannan ya miƙa gyaran da bai gyara komai ba.

Injiniya bai ɓoye amsarsa ba. A fili ake rubutu a can, kowa yana karantawa, kuma abin da aka rubuta yana nan zaune. Ya rubuta cewa nan ba gidan biki ba ne. Ya rubuta cewa ko jaki aka ɗora a kan madannan kwamfuta zai fi haka. Yana rubutawa yana karanta wa mutanen gida da ƙarfi, yana buga cinya.

Da farko matarsa takan taya shi dariya. Daga baya ta daina.

"Ka rage, Baban yara," ta ce. "Ba ka san ko wane ne ba."

"Na san shi mana. Mayunwaci ne ya ji ƙanshin kuɗi. Ko ba haka ba, Baba?"

"Kai ka san aikinka," in ji Baba.

Baba ba mai surutu ba ne. Ya tsufa yana buga takardu a ofis da keken rubutu, har yau idan ya taɓa madannai sai ka ce ƙusa yake kafawa. Tun rasuwar matarsa yake zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Sau ɗaya ya yi zancen sabon tabarau, ya kuwa faɗa ranar da Injiniya ya dawo da ɓacin rai. Injiniya ya shige ɗaki ya ce wa matarsa kowa a gidan nan miƙa hannu kawai ya iya. Ƙofa a buɗe take. Baba bai sake zancen ba. Tsohuwar kwamfutar da aka jefa bayan kabad kaɗai ya roƙa, wai don jin labarai.

Ɗan Koyo bai yi fushi ba, bai kuma rama ba. Duk zagin da aka yi masa sai ya tsince ɗan abin koyo da ke ciki, ya yi godiya, ya dawo bayan kwanaki da wani gyaran. Injiniya ya rantse idan na gaba bai yi ba zai toshe shi, ya haramta masa ladan har abada. Ya rubuta masa haka, ya kuma sanar a falo.

Ranar Baba bai gama abincinsa ba. Ya ce idonsa ke ruwa.

Wannan na yau shi ne na ƙarshe. Injiniya ya karanta gaisuwar da muryar tsokana, ya saka gyaran, ya zaɓo sunan magani mafi tsawo, ya danna, yana jiran abin dariya. Takarda ta fito tsaf. Ya gwada wani, ya sake gwada wani. Aikin ba shi da kyan gani, amma babu layin da ya hau kan ɗan'uwansa.

"To fa," ya ce. "Ashe jaki ma idan ya sha duka yana gane hanya."

Matarsa ta ajiye kwanukan, ta tsaya a bakin kicin, idonta a ƙasa.

Ba don ransa ya so ba Injiniya ya amince da gyaran. Ya rubuta a ƙasa, inda duniya za ta gani, cewa a ba shi ya je ya sayi ciyawa. Sannan ya danna wurin sakin lada, ya jawo farantinsa.

Bai kai loma baki ba waya ta yi ƙara a bakin taga. Baba ya ciro ta daga aljihu, ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana karantawa. Ya cire tabaraun mai zare ya ajiye a kan tebur, gaban ɗansa, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba yi wa manya a ofis, ya ce, "Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, jakin ya gode."