Gamau da Tsibirin da Ya Ƙi Fitowa

Malam Sagir, ka ce in buɗe maka littafi na gaba don wai ka sauke wancan. To, ajiye shi tukuna ka ji wani misali. Kada kuma ka taɓe baki don ya fito daga wasan kwamfuta, ai hankali ko a bola ka gan shi ɗauka za ka yi.

Wani tela ne a Gusau, magidanci da iyalinsa, gwanin ɗinki, ba shi da aibu sai son yabo. Shi da abokansa sun kamu da wani wasan yaƙi a kwamfuta. A ƙarshen wasan akwai wani ƙaton dodo a cikin kogon dutse, wanda ya gagari kowa a cikinsu, har da telan. Dodon nan ya yi ta nana shi da ƙasa har ya haƙura. Amma wata rana a majalisa, ana shan shayi ana kukan dodo, sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai shi tuni ya gama da wannan. Majalisa ta ɗauki sowa, nan take aka raɗa masa suna Gamau. Sunan ya bi shi har kasuwa. Masu kawo ɗinki da ba su taɓa ganin wasan ba su ma Gamau suke cewa, shi kuwa gogan yana amsawa yana wani gyara zaman hula.

Ana nan sai masu wasan suka fito da ƙari: sabon tsibiri a hayin kogi, da sababbin makamai da abokan gaba. Abokai suka ce ai a kwamfutar Gamau ya kamata a fara gani, wa ya fi shi cancanta? Aka haɗu ranar Lahadi bayan La'asar a shagonsa. Amininsa Nafi'u, wanda ya fi su sanin kan na'ura, ya sauke ƙarin ya ɗora. Aka kunna, aka zuba ido. Babu tsibiri, babu alamarsa. Abin da ya ƙaru kawai wani tsoho ne mai fito, zaune cikin kwalekwale a bakin kogi. Da jarumin wasan ya matsa kusa, sai tsohon ya ce: "Ba na fito da wanda ya bar aiki a bayansa."

Sauran suka ɗauka surutun wasa ne. Gamau kuwa shi ya san aikin da aka bari. Nan ne fa ya kamata ya yi dariya ya ce, 'yan'uwa, ku yafe ni, ƙarya na yi. Da an yi masa tsiya an wuce wurin. Ina! Sai ya janye jarumin daga bakin kogi da sauri, ya ce ba a ɗora abin daidai ba.

Bawan Allah Nafi'u ya duƙufa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya duba ko da asusun da aka sayi ƙarin ake wasan, ya ga shi ne. Ya sabunta wasan. Ya goge ƙarin ya sake saukewa da datarsa, sabis yana jan ƙafa, gumi yana bin wuyansa. Gamau yana tsaye a kansa, ya san gaskiya amma bakinsa bai mutu ba, har da tsaki: "Dama na san aikinka, Nafi'u, sai cika baki." Ka ji fa! Mutum yana kallon amininsa yana neman abin da shi ya ɓoye, kuma yana yi masa gori a gaban jama'a. Wallahi wannan ta fi ƙaryar farko muni.

Da dabara ta ƙare wa Nafi'u, sai ya ce wataƙila hanyar tsibirin ta cikin kogon dodo take, tunda yanzu kango ne. Kafin Gamau ya samo abin cewa, Nafi'u ya kora jarumin ya haye dutse ya shiga. Kowa a shagon ya san dokar wasan nan: abin da ka kashe ba ya tashi. Sai ga dodo ya miƙe da ransa da lafiyarsa, ko ƙwarzane babu, ya yi ruri, ya make jarumin ya faɗi.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Gamau ya ƙura wa keken ɗinkinsa ido, kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nafi'u ya rufe kwamfutar a hankali, ya share gumi, ya ce: "Ƙarin lafiyarsa ƙalau. Ni na sauke nawa daidai, kai ne ba ka sauke naka ba." Aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu ya tsaya a bakin ƙofa yana saka takalmi, ya ce: "Sai gobe, Rabilu." Sunansa ne na yanka, wanda ya daɗe bai ji shi a bakin abokansa ba. Daga ranar babu wanda ya sake kiransa Gamau, Nafi'u kuma gaisuwa kawai ke haɗa su.

To, Malam Sagir, ɗauko wancan littafin mu koma inda ka tsaya da gaske. Tun da can Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.