Lambar Yabon Maɗinki

Sau uku maɗinkin yana miƙewa daga kujerar gaba, sau uku matarsa tana jawo shi ta gefen riga.

"Malam, zauna mana! Sai ka ce kuɗin cizo ne a kujerar."

Ina zai iya zama? Takardar gayyata ta ce yau gwamnati za ta ba shi lambar yabo ta ƙasa saboda aikin zaren da ke rigunansa. Alhali shekara ashirin rabon idonsa da ganin kafar allura. Ita ke ɗinkawa a ɗaki, shi ke amsa yabo a shago.

Mai sanarwa ya ɗaga takarda. Zufa ta karyo wa maɗinki. Sai aka kira suna, kuma nata ne.

Ta damƙe hannunsa. "Wa ya tona mana asiri? Wallahi ba ni ba ce!"

"Na sani," ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Sawu bakwai na yi ofishinsu kafin su yarda su goge sunana su sa naki. Tsorona kar su manta. Tashi, Hajiya, kin bar minista a tsaye."