Tsohon Da Ba Ya Gudu

Allurar gudu ta maƙale a kan ɗari da arba'in, kuma babu alamar taka birki a kwalta. Jami'in binciken haɗurra ya sake zagaya motar da ta nannaɗe jikin turken wuta kusa da Ƙofar Kware. Birki lafiya, tayoyi lafiya. Mamacin kuwa tsohon malamin makaranta ne, wanda 'yan kabu-kabu ke yi wa dariya saboda tafiyar hawainiya. Me zai koro irin wannan mutum da rana tsaka?

Farin ƙyalle kawai ya samu a kujerar baya, ninke cikin leda. Ya kai shi gidan mamacin a Tudun Wada, kansa a ɗaure.

Matar mamacin ta karɓa ta bayan labule.

"Likkafaninai ne, Yallaɓai. Da hannunai ya tsoma shi cikin zamzam. Ƙanenai ya rasu da sahe, maigida yac ce cikin wanga za a sa shi. Anka ce jana'iza ba ta wuce azahar, shi na ya taho ya ɗauka, ya koma da gudu."

Ta shafa ledar.

"Yanzu ga su su biyu kwance. Wa za mu ba?"