Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa a Tsohuwar A-kori-kura

Tunda kai yanzu duk wanda ya kawo maka kuka sai ka ce fitinanne ne, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani direba mai tsohuwar a-kori-kura, da ita yake ɗaukar albasa daga fadama zuwa kasuwar gari. Motar ta tsufa, ƙofarta ɗaya ma da igiya ake ɗaurewa, amma ita ce cinsa, ita ce shansa. Ana saura ƙiris a fara cire albasa sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari. Motar ta kama shan mai ba ji ba gani, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, in ta zo hawa sai ta yi ta nishi. Manoman da suka saba ba shi lodi suka gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in bai gyara ba kafin a fara cira, za su kira wani, don ba sa son albasarsu ta kwana a hanya. Shi kuwa ya san in kakar nan ta wuce shi, sai dai 'yan gwangwan su zo su yi wa motar kuɗi.

Ya kai ta gari wurin bakanike mai kwamfuta. Aka jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lamba. Bakanike ya duba ya ce lambar tana nuna sensa, wato ɗan ƙarfen nan da ke ɗaure a jikin salansa yana shinshinar hayaƙi, yana gaya wa injin ya ƙara mai ko ya rage. Aka cire shi aka sa sabo, aka goge lambar, fitila ta mutu. Direba bai kai gida ba ta sake kunnuwa. Ya koma, aka ce sabon jabu ne, aka sake wani. Aka canja fulogi, aka wanke nan, aka hure can. Kullum a goge lamba, kullum ta dawo. An bar jaki ana ta dukan taiki.

A tasha kuwa kowa ya zama malami. Wannan ya ce ya liƙa baƙin salatif a kan fitilar ya huta, wancan ya ce a zare ƙwan gaba ɗaya, ai kwamfutar tsohuwar mota ruɗewa take yi kamar mai ita. Ni abin nan yana ba ni haushi, domin rabin motocin da ke kan titi haka aka yi musu, an toshe musu baki ana cewa sun warke. Direban nan dai ya ƙi. Ransa ya ɓaci, ya gaji, har kunyar shiga gareji yake ji, amma ya ce fitilar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba zai fara ƙaryata ta yau don ta faɗi abin da ba ya so ba.

Sai ya daina sauraron mutane ya koma sauraron motar. Ya lura da safe, in ya tayar da ita injin na sanyi, akwai wani ɗan sauti, tis-tis-tis, daga ƙasa. Da ƙarfe ya ɗau zafi sai sautin ya ɓace. Nan ya gane abin da ke faruwa: daga ƙauye yake tuƙo ta, duk ranar da ta isa gareji da zafinta take isa, don haka ba bakaniken da ya taɓa jin wannan sauti. Ya sake kai ta, ya ce ba abin da za a taɓa yau, a bar ta ta kwana. Da sassafe ya dawo, suka tayar da ita a sanyi. Bakanike ya kasa kunne, sannan ya ce, "Malam, na'ura ta gaya mana inda aka ji kuka ne, ba ta gaya mana wanda ya yi dukan ba."

Suka dama ruwan sabulu suka shafe bututun salansa tun daga jikin injin. Direba ya toshe bakin salansa da tsumma, bakanike ya kwanta a ƙasa yana kallo. Can sai kumfa ta taso a wani lungu, gab da sensa, inda tsatsa ta ci ƙarfe ya tsage siriri kamar gashi. Ta nan iska ke kutsawa. Sensa ya shinshina ya ji iska ta yi yawa, ya gaya wa injin mai ya yi kaɗan, injin ya yi ta ƙara mai har ya shaƙe kansa. Duk sensan da aka cire aka jefar gaskiya ya faɗa.

Mai walda ya liƙe tsagar kafin rana ta take. Bakanike ya ɗauko na'ura zai goge lambar, direba ya riƙe masa hannu ya ce a bar ta, in gyaran ya yi ita da kanta za ta faɗa. Ya yi ta zirga-zirga da fitilar a kunne, abokan tasha na yi masa dariya. Ranar da aka fara cire albasa, ya yi lodi har sama, ya kama hawan da ta saba nishi a kai, ta haye ba hayaƙi. Ya sauke ido kan sitiyari ya ga fitilar ta mutu, ba wanda ya taɓa ta.

Ka ji abin da ya sa Bahaushe ya ce, ruwa ba ya tsami banza.